Shekarun da Balkisu Ta Ƙi Rubutawa

Sunana Saminu. Shekara tara ke nan ina da ɗan shago kusa da tashar mota ta Dakoro, inda nake buga wa mutane takardu da ordinata, wato kwamfuta, in yi musu fotokofi. Mai neman aiki, mai neman fili, mai ƙarar maƙwabcinsa, duk ta gabana suke bi. Yawancinsu na manta da su. Balkisu Halidu ce ban manta ba, don sau shida na buga mata takarda guda, sunan wurin da za a kai kawai nake canzawa.

Tun kafin nan na san ta, kamar yadda kowa a unguwarmu ya san ta. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Bayan sallar asuba za ka ga ta wuce da takalmin roba, ta nufi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan kasuwa. Shara da goge ƙasa take yi a can, da wanke zannuwan gado, da kwashe abin da marasa lafiya suka bari. Shekara goma sha huɗu ta yi tana wannan aiki. Ruwan zabel, wannan farin maganin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, ya cinye mata fatar hannu har tafukanta suka yi fari-fari suna tsagewa.

'Yar wani ƙauye ce ta wajen Mai Yara. An kawo ta Dakoro karatun kwaleji, ta kai ajin ƙarshe, ta faɗi jarrabawar kammala kwalejin, wadda ake kira birebe. Bayan shekara biyu ta auri wani direba, Tanimu, wanda ita ma take so. Suka haifi ɗa guda, Rashidu. Yaron yana da shekara huɗu ciwon hanta ya kwantar da Tanimu, kuma a wannan ƙaramin asibitin ya cika. Wata biyu Balkisu ta yi tana jinyarsa a can. In ta ga ɗakin ya ƙazantu ba ta jiran kowa, sai ta ɗauki tsintsiya. Da ta fita takaba, mai asibitin ya aika aka kira ta, ya ce in tana son aikin shara ta zo. Haka ta fara.

An yi ta zuwa neman aurenta, ba ta yarda ba. Ta zauna a gidan da Tanimu ya bari, ɗaki biyu da bishiyar bedi a tsakar gida, ita da ɗanta. Rashidu ya girma, karatu bai karɓe shi ba, yana cika shekara goma sha biyar ya bi abokansa arewa wajen haƙar zinariya. Daga nan gidan ya zama nata ita kaɗai. Ta ce mini a lokacin ne ta fara jin yamma tana yi mata tsawo. In ta dawo daga aiki ta yi la'asar, sai ta rasa wanda za ta dafa wa tuwo. Wata rana tana gyaran ɗakin Rashidu ta tarar da littattafansa na kwaleji a cikin kwali, ta zauna tana buɗawa. Ta ga akwai abubuwan da har yanzu ba ta manta ba.

Sau uku ta zauna jarrabawar birebe cikin yara sa'o'in ɗanta. A karo na uku ta ci, tana da shekara talatin da takwas. Ta sayar da awakinta da gonar da ta gada a ƙauye, ta ajiye aiki, ta tafi Maraɗi wata makarantar koyon aikin jinya.

Mutanen gari ba su san yadda za su ɗauki abin ba. Abokan aikinta biyu da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya suka ce ta ɗaga kai, suka daina kiranta. Yayyenta na ƙauye suka yi fushi a kan gonar. A Maraɗi kuwa 'yan ajinsu duk 'yan shekara ashirin ne. Inna suke ce mata. Suna girmama ta, suna ba ta kujerar gaba, amma in ta shigo suna hira sai su yi shiru, in za su haɗu yin bita a gidan wata ba sa gaya mata. Ɗaki ta kama a gefen gari, ita da tabarma da fitila da littattafai. Shekara uku ta yi haka.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi wata biyu yana koyon aiki a asibiti, abin da suke kira staj, kafin a bar shi ya zauna jarrabawar fita. Makarantar ta ba su takardar shaida, ta ce kowa ya nemi wuri da kansa. Cikin mako guda 'yan ajin duk sun samu. Wannan kawunta ma'aikaci ne, waccan mijin yayarta ya san wani. Balkisu ta hau mota ta dawo Dakoro, cikin tsakiyar bazara.

Inda ta fara zuwa shi ne tsohon wurin aikinta, ta sa atamfarta mai kyau. Suka yi murna da ganinta. Mai asibitin ya ce, “Ke ai tamu ce, ba sai kin kawo takarda ba. Ki zo ran Litinin.” Tana fitowa daga ofishinsa, wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo daga ɗakin marasa lafiya ta ce, “Alhamdu lillahi, Balkisu, Allah ya kawo ki. Wani yaro ya yi amai a nan, taimaka mana.” Ba da mugunta ta faɗa ba. Balkisu ta san inda bokiti yake. Ta naɗe hannun riga, ta goge, ta wanke hannu, ta yi musu sallama. Ran Litinin ba ta koma ba.

Washegari ta shigo shagona da jakar roba cike da takardu. Ta zauna a benci har mutane suka watse, sannan ta ce, “Saminu, takardar neman staj nike so ka buga mini.”

Na buga sunanta, da ranar haihuwa, da makaranta. Da na zo wurin da ake rubuta aikin da mutum ya taɓa yi, na ce, “Yaya Balkisu, shekara nawa kika yi a asibitin bayan kasuwa?”

“Bar wurin nan haka,” ta ce.

“Haba, Yaya. Wannan ai shi ne ƙarfinki. Yaran nan ko ƙamshin asibiti ba su sani ba.”

“Na ce ka bar shi.”

“Mi ya sa?”

Ta dubi hannuwanta, ta mayar da su cikin mayafi. “In suka gani, tsumma za su miƙo mini. Na san su. Ba don sun raina ni ba, don suna buƙata. Kuma ni ba ni iya cewa a'a.”

Na bar wurin fari fat.

Mako uku ta yi tana yawo da takardar nan. Takan fita da safe ta hau motar kasuwa ko kabu-kabu, ta dawo da yamma leɓɓanta sun bushe. A wuri na farko aka ce ɗalibai sun cika. A na biyu aka ce shugaban ya tafi taro Maraɗi, ta bar takardar, za a kira ta. A na uku wani ya karanta, ya dubi ranar haihuwarta, ya tambaye ta ko 'yarta take nema wa. A na huɗu da na biyar ba wanda ya ce mata komai, an karɓa an sa a aljihun tebur. Duk lokacin da ta dawo sai ta biyo ta shagona ta ce in canza sunan wurin. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sau ɗaya dai, ina cikin bugawa, na ji ta ce kamar da kanta take, “In wata ya ƙare ban samu ba, sai baɗi.” Na san ba ta da abin da za ta ƙara sayarwa ta kai baɗin.

Wani direba da ke zuwa shagona yin fotokofin takardun mota shi ya kawo labarin wuri na shida. Ya ce akwai wani ƙaramin asibitin ƙauye can arewa da Korahane, inda hanya ke ƙarewa cikin rairayi. Ma'aikaci ɗaya ne a wurin, sai ungozoma da wani tsoho mai shara. Ba lantarki sai na hasken rana da ke riƙe firjin allurai, waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Ya ce bara an tura wata ɗaliba, ta kwana biyu ta gudo. Sau ɗaya a mako mota ke zuwa, ranar kasuwarsu, ta dawo da yamma.

Na gaya wa Balkisu, ina tsammanin za ta ce da nisa. Sai ta ce, “Akwai wanda ya san ni a can?”

“Ban zata ba.”

“To, buga.”

Abin da ya faru a can ita ta ba ni labari, ranar da aka ɗauke wuta muka zauna muna jira ta dawo.

Ta isa da hantsi, a bayan wata tsohuwar mota cikin buhunan gero da jarkoki. Asibitin ɗaki huɗu ne a jere, da rumfar kwano a gaba, mata da yara sun cika ta saboda ranar kasuwa ce. Shugaban wurin, wanda ake ce wa majo, wani saurayi ne ɗan Damagaram mai suna Sa'adu, bai fi shekara talatin ba. Ya karɓi takardar a tsaye, ya ce ta shigo, minti biyar gare shi.

Ya fara da Faransanci. Ya tambaye ta alamomin da ke nuna zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani a jikin yaro. Balkisu ta san amsar, ta rubuta ta a jarrabawa har sau biyu. Amma ta ce da ta buɗe baki sai harshenta ya yi nauyi. Ta kawo uku, ta huɗu ta maƙale. Ya jira, ba ta zo ba. Ya ba ta nauyin yaro ya ce ta lissafa masa yawan maganin da za a ba shi. Ta lissafa daidai, amma sai da ta yi amfani da yatsu a ƙarƙashin mayafi, kuma ya gani. Ya mayar da ido kan takardar, ya juya magana zuwa Hausa.

“Madam, kin bar kwaleji tun ina koyon tafiya. Kin ci birebe shekara uku da suka wuce. Tsakanin nan ina kike?”

“Gida,” ta ce.

“Gida kawai?”

“Aure, da reno.”

Ya gyaɗa kai. Wani yaro ya tsala kuka a waje, ya miƙe. Ya ce ta jira shi a rumfa, in ya rage mutane za su ƙarasa.

Ta zauna a ƙarshen benci tun hantsi har bayan azahar. Ba wanda ya yi mata magana. Matan da ke gefenta yawanci Fillanci da Buzanci suke yi, suna kallon atamfarta da takalminta. Ta ce ta riga ta san ta faɗi, motar komawa kawai take jira. Ba ta taho da abinci ba, don ba ta zaci za a daɗe ba. Da ba ta da abin yi, sai idonta ya shiga bin wurin, yadda ya saba shekara goma sha huɗu.

Wajen ƙarfe uku Sa'adu ya fito yana goge wuya da hankici. Da alama ya manta da ita, don sai da ya ɗan tsaya da ya gan ta. Ya zauna a ɗaya gefen bencin, ya sha ruwa, ya ce, “Ki yi haƙuri, Madam. Kin ga yadda muke. To, tun safe kina nan zaune. Me kika gani?”

Ta ce da ta san tambayar jarrabawa ce da ta yi shiru. Ta ɗauka hira ce ta gajiya.

“Akwatin kwalin da kuke zuba allurai ya wuce layi,” ta ce. “Wani zai soke hannu. Bokitin zabel kuma tun da na zo yana cikin rana a buɗe, yanzu ruwa ne kawai, ba ya kashe komai. Kuma Baba mai shara tsumma ɗaya gare shi. Da shi ya goge ɗakin haihuwa, da shi ya goge inda kake wanke gyambo.”

Sa'adu ya ajiye kofin. Ya dubi bokitin, ya dube ta.

“Ɗalibai huɗu suka taɓa zuwa nan,” ya ce. “Ba wanda ya taɓa duban bokiti. A ina kika yi aiki?”

Ta ce ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga ta da furfura a kai yaro ya kama ta da ƙarya. Sai ta fito da hannuwanta daga mayafi ta ɗora a gwiwa.

“Shara na yi, Majo. A Dakoro. Shekara goma sha huɗu.”

“Me ya hana ki rubutawa?”

Ta ce, “Majo, in za ka ɗauke ni, ka ɗauke ni a ɗaliba. Allura na zo koyo, da awon ciki, da duba yara. In don tsumma ne, akwai shi a Dakoro, ba sai na zo nan ba.”

Ta ce mini tunda take ba ta taɓa gindaya wa wani mai ofis sharaɗi ba. Sa'adu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya yi magana da manyansa na Dakoro da kwamitin gari, saboda maganar ɗakin kwana. Ya rubuta lambar wayarta a bayan takardar. Mota ta yi oda a bakin kasuwa, ta tashi ta tafi.

Kwana goma sha ɗaya ta yi tana jira. Wayarta tsohuwa ce, batirin ba ya riƙe wuta, ga shi gidanta ba lantarki. Kullum da safe sai ta kawo ta shagona in sa mata caji, ita kuma ta zauna a benci kusa da ita, don kada a kira ba ta nan. Mutane su shigo su fita, tana zaune. Wani lokaci ta buɗe littafinta tana bita, leɓɓanta suna motsi. Na ji ta rannan tana jera alamomin zazzaɓin nan da Faransanci, tun daga na farko har na ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A rana ta takwas ta ce mini, “Bakina ya ja mini. Wa ya aike ni in gaya wa mutum asibitinsa da datti?” A rana ta goma ba ta zo ba.

A ta goma sha ɗaya, bayan la'asar, ina rufe taga sai ga ta da sauri, mayafinta a karkace. Ta tsaya a ƙofa tana haki.

“Ya kira,” ta ce. “Daga kan tudu ya kira, iska na ta kaɗa maganar. Ya ce in taho ran kasuwa, in zo da gidan sauro.”

Na ce, “Alhamdu lillahi! Barka, Yaya, barka!”

“Na kira Rashidu sau biyar, ba ta shiga. Na fito ƙofar gida na tsaya, na rasa inda zan nufa.” Ta yi 'yar dariya, ta gyara mayafin. “Shi ne na ce bari in zo in gaya maka.”

Na aika aka sayo mana lemo mai sanyi. Ta sha rabi, ta riƙe sauran a hannu har ya huce. Ba mu yi wata doguwar magana ba. Da aka kira magariba ta tafi gida haɗa kaya.

Ɗakin da aka ba ta yana bayan asibitin, tsohon wurin ajiyar kaya ne, taga ɗaya. Daga ƙofarsa ba abin da ake gani sai rairayi da 'yan itatuwan aduwa, can nesa kuma rijiya inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Sa'adu ya cika alkawarin da bai yi da baki ba. Tun ranar farko ya ba ta farar riga, ya tsayar da ita a gefensa. Ya koya mata neman jijiya a hannun jariri, da auna cikin mace da tef, da rubuta abin da ta gani a gajarce. In ta yi kuskure yakan gyara mata a gaban mutane ba tare da sassautawa ba, ita kuma ta ce hakan ya fi mata daɗi da kujerar gaba ta Maraɗi.

Tsohon nan mai shara, Baba Mamani, aka sayo masa tsumma na biyu da bokiti mai murfi. Bai san daga inda abin ya fito ba. Balkisu ta ce abin da ya fi ba ta wuya a makonnin farko shi ne ta wuce shi yana matse tsumma ba daidai ba, ta ƙi tsayawa. Hannunta har ƙaiƙayi yake yi. Sai ta cusa shi a aljihun farar rigar ta wuce.

In an tashi aiki kuwa, shiru ne. Sa'adu matarsa da 'yarsa suna Damagaram, shi ma shi kaɗai yake a nasa ɗakin, amma ba dama su zauna hira, garin ƙarami ne, baki ba ya da wuya. Sai su yi sallama a rumfa, kowa ya nufi ƙofarsa. Ungozomar a cikin gari take kwana. Balkisu ta dafa 'yar shinkafarta a murhun gawayi, ta ci, ta wanke tukunya. Ranar Juma'a da yamma takan hau tudun da waya ke kamawa ta gwada lambar Rashidu. Cikin wata biyu sau ɗaya ta shiga. Ya ce, “Inna, lahiya lau nike, ana jiran wayar,” suka yi minti biyu. Ta ce bayan ya kashe ta daɗe a kan tudun, tana kallon raƙuma suna barin rijiya.

A mako na biyar, ranar kasuwa, wata 'yar kasuwa daga Dakoro ta shigo da ciwon haƙori da kumburin fuska. Sa'adu ya duba ta, ya rubuta allura, ya ce Balkisu ta yi mata. Matar ta kwanta, ta ɗaga kai, suka haɗa ido.

“Af! Ba Balkisu ba ce? Mai sharar asibitin bayan kasuwa?” Ta tashi zaune ta ja zanenta. “A'a. Wallahi ba ki taɓa ni. Majo, mai shara za ka sa ta yi mini allura?”

Mutanen rumfa suka leƙo. Balkisu ta tsaya da allura a hannu. Sa'adu bai ɗago daga rubutun da yake yi ba. Ya ce, “Hajiya, ɗalibata ce, ta yi wa mutum ya fi ɗari a nan. Ko ta yi miki yanzu, ko ki jira ni sai na gama da kowa, wajen la'asar.”

Matar ta zaɓi jira. Ta zauna a rumfa da kumburarren kunci tun kafin azahar har la'asar, tana ba duk wanda ya zauna kusa da ita labarin Balkisu da bokitinta. Balkisu ta ci gaba da aiki, tana fita tana shiga ta gabanta. Da yamma ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta hura wuta ba.

Ta zaci washegari ba wanda zai miƙo mata hannu. Mutum biyu ko uku sun ce majo suke so, sauran ba su damu ba. Makiyayan da ke zuwa daga nesa ba ruwansu da abin da ta taɓa yi a Dakoro, su dai sun ga hannunta ba ya da zafi wajen allura. Baba Mamani ne kawai ya canza. Da safe ya same ta a bakin famfo, ya daɗe yana gaishe ta, sannan ya ce, “Ashe ke ce mai maganar tsumma biyu.” Ta ce ita ce. Ya ce, “To, ɗiyata, nuna mini yadda ake haɗa ruwan nan, kullum majo na faɗa ina mantawa.” Ta tsaya daga gefe, ta gaya masa da baki, shi ya zuba da hannunsa. Daga ranar, in matarsa ta dama fura yakan kawo mata a ƙaramar ƙwarya, ya ajiye a bakin ƙofarta ya tafi.

Ruwan farko ya sauka saura mako guda ta gama. Sa'adu ya cika mata takardar sakamako, ya rufe a ambulan. Ta kai Maraɗi, ta zauna jarrabawar fita, ta ci. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta ƙarshe ba. Ranar da aka ba su takardun shaida kowace ɗaliba da danginta, ana ta ɗaukar hoto. Wata 'yar ajinsu ta lura da ita tsaye a gefe, ta jawo ta cikin hoton gidansu. Shi ne kaɗai hoton da take da shi na ranar, ita a ƙarshen layi cikin mutanen da ba ta san sunansu ba.

Gwamnati ba ta ɗauke ta aiki ba tukuna, kuma a shekarunta ba ta sa rai sosai. Amma kafin a yi wa Sa'adu canjin wuri zuwa kusa da iyalinsa, ya roƙi kwamitin garin su riƙe ta tana taimakawa, suna ba ta ɗan abin da ya samu. Ta koma. Yanzu shekararta ta biyu ke nan a can, tare da sabon majo. Gidanta na Dakoro a kulle yake, maƙwabta ke zuba wa bedin ruwa.

Ganina da ita na ƙarshe bayan babbar salla ne, a tasha. Ta zo sayayya, tana jiran motar arewa ta cika. Ta yi baƙi, ta ɗan ƙara ƙiba. Na tambaye ta zaman can, ta ce da sauƙi, ta fara jin Fillanci, har tana iya yi wa mai naƙuda faɗa da shi. Na tambayi Rashidu. Ta ce ya kira, ya ce yana nan tafe bayan kaka, shi ya sa ta sa a yaɓe masa ɗakinsa. Bara ma haka ya ce, amma ban tuna mata ba.

Direba ya buga gefen mota. Na miƙa mata buhun albasarta da 'yar rediyon da ta saya, ta samu wuri a kan jarkoki ta zauna, ta ce in gaida mutanen gida. Motar ta fita ta hanyar Korahane, ni kuma na koma shago, mutum biyu suna jirana.